Sawun Hannu a Bangon Ɗakin Auduga

Ƙanshin lakar da aka kwaɓa da ciyawa aka bari ta kwana bai haɗa komai da mota ba. Duk da haka, ni dai idan ya bugi hancina, mota nake tunawa. A makon jiya magina suna yaɓen katangar maƙwabcina a nan Zariya, na fito zan tafi aiki, sai na tsinci kaina tsaye a bakin ƙofa ina shaƙar iskar, hannuna na dama a dunƙule cikin aljihu. Wannan ne ya sa na zauna rubuta abin da na daɗe ina kauce wa faɗinsa.

Mu kaɗan ne masu ciwon son tsofaffin motoci, irin ƙananan nan masu kujera biyu da aka ƙera don gudu da nishaɗi. Mukan haɗu ran Asabar a garejin wani tsohon bakanike, kowa da tasa gawar da yake ƙoƙarin tayarwa. Idan hira ta yi daɗi akan tambayi juna yadda ciwon ya soma. Wani ya ce a jikin kalanda ya fara ganinta. Wani ya ce likitan garinsu ne yake da ita. Idan aka zo kaina nakan ce, "Baƙon kakana ne yake da irinta," sai in ja bakina. Kai mai karatu, da yake ba ka ganin fuskata, zan ƙarasa maka sauran.

A hannun kakana na tashi, a wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ƙasar dawa da auduga. Mahaifina yana koyarwa a makarantar mishan da ke nesa da mu, sai hutu muke ganinsa. Kakana da furfurarsa ya shiga addinin Kirista. Ba ya fashin zuwa majami'a, ya bar giya, ya bar yanka a gindin tsamiya, amma akwai al'adun iyayensa da bai taɓa ɗauka suna da alaƙa da addini ba, balle ya bar su. A wurinsa waɗannan hanyar zama da mutane ce kawai. A gidan akwai kawuna, ƙanen mahaifina, mai zafin nema, da gwaggona, autar kakana, wadda a lokacin budurwa ce mai kaifin baki.

Baƙon namu malamin awo ne. Kamfanin da ke da injin gurzar auduga a Funtuwa ne yake turo shi kowace kaka ya duba audugar ƙauyuka, ya raba mai kyau da maras kyau, ya ɗora a sikeli. Mutumin Kudu ne, daga can hayin manyan koguna. Hausarsa ta nuna, sai dai harshensa yakan danne wasu kalmomi. Gidanmu ne masaukinsa. Yana kiran kakana Baba, kakana yana kiransa Malam. Hannunsa na dama ba shi da ƙaramin yatsa. Injin gurza ya cinye shi tun yana sabon ma'aikaci, kuma ba ya ɓoye wurin.

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai Turawa suna ta komawa gida suna sayar da kayansu. Wata kaka, maimakon ya sauko daga bayan babbar motar kamfani kamar yadda ya saba, sai Malam ya iso cikin wani abu da ba mu san sunan da za mu ba shi ba. Koriya ce mai duhu, kamar tsohon ganyen mangwaro. Gajeriya ce ƙwarai, ko ni da nake yaro ina iya dafa samanta. Ba ta da rufi sai wani tamfol da ake naɗewa a baya. Tayoyinta na da siraran wayoyi kamar na keke, fitilunta biyu kuma sun ɗago bisa hancinta kamar idanun kwaɗo a bakin tafki. Kafin rana ta faɗi yaran ƙauye sun raɗa mata suna Kwaɗuwa.

Gwaggo ta zagaya ta, hannu a ƙugu, ta leƙa ciki.

"Malam, wannan ai motar marowaci ce. Ko buhun dawa ba shi da wurin zama. Kujera biyu, ɗaya taka, ɗayar ta wa?"

"Ta wadda ta fara daina zagin motar," in ji shi.

"To za ta daɗe babu kowa."

Ta juya ta shige gida, amma na lura da yammacin ranar ita ta kawo ruwan da aka wanke tayoyin.

Ni aka fara ɗauka a wannan kujera. Da hantsi ne, dawa ta fitar da kai ba a kai ga yanka ba. Da na zauna sai na ji kamar a ƙasa nake zaune. In na miƙa hannu ta gefe zan iya taɓa ciyawar bakin hanya. Ciki na warin tsohuwar fata da fetur da wani abu mai ɗumi da ban san shi ba, wanda daga baya na gane man inji ne da ya sha zafi. Da ya tayar da ita, a ƙirji na fara jin ƙarar kafin kunne. Muka hau hanyar Malumfashi, karan dawa ya tsaya dama da hagu kamar katanga, sama kuma a buɗe. Iska ta cika mini baki har na kasa dariyar da nake son yi.

Can ya kama hannuna ya ɗora a kan sandar giya, ya rufe da nasa.

"Saurara, ƙaramin direba. Ita za ta gaya maka lokacin."

Ƙarar ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, har na ji kamar za ta tsage. Sai ya tura hannuna. Ta yanke kamar mai haɗiye numfashi, ta sake farawa daga ƙasa tana hawa. Har yau ina jin nauyin tafinsa a bayan hannuna, da kuma gefen da iska ke shiga, inda yatsan nan ya kamata ya kasance. Idan da gaske akwai ranar da ciwon ya kama ni, wannan ce. Amma ina zaton da a nan labarin ya tsaya, da na manta da shi kamar yadda yaro ke manta sabuwar rigar biki. Abin da ya biyo baya ne ya dasa shi.

Kaka biyu ko uku Kwaɗuwa tana zuwa tana tafiya. Sai shekarar tashin hankali ta zo, wadda manyanmu har suka mutu ba sa son kiran sunanta. A ƙarshen damina labari ya riƙa isowa daga garuruwa cewa ana farautar mutanen Kudu. Wata safiya, ba lokacin awo ba, muka ji ƙararta daga nesa. Ba ta hanyar mota ta zo ba, ta burtalin shanu ta biyo, duk jikinta taɓo. Malam ya fito babu hula, babu jaka. Ya durƙusa gaban kakana, sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Abin da na tsinta shi ne ba zai iya tafiya a cikinta ba, domin daga Funtuwa har Ɗanja babu wanda bai san motar ba, babu kuma wanda bai san mai ita ba.

"Baba, ka ajiye mini ita."

"Ajiya irin tamu ko irin taku?"

"Irin taku."

A nan ya kamata in bayyana maka wata al'ada. A wurin mutanen kakana, idan mutum zai tafi cin rani ko wata doguwar tafiya, yakan zuba hatsinsa a rumbu a gidan wanda ya amince da shi. Sai a liƙe bakin rumbun da laka, tun tana ɗanya mai hatsin ya danna tafin hannunsa a kai. Daga ranar babu mai fasa wannan rumbu sai hannun da ya zauna daidai cikin sawun. Ko yunwa ta shigo gidan, sai dai a ci tafasa a kwana kusa da shi. Hanya ɗaya ce ke warware wannan ɗauri: a samu wanda ya ga gawar mai hatsin da idonsa, ya faɗa gaban dattawa, sannan a kira magada.

Akwai wani ɗakin soro a bayan gidanmu inda ake tara auduga kafin ranar kasuwa. Ƙofarsa ba ta isa mota ba, don haka aka fasa bangon gabas, aka tura Kwaɗuwa ciki da hannu. Kakana ya sa aka yi mata duk abin da ake yi wa hatsi. Aka barbaɗa toka kewaye da tayoyinta saboda gara, aka watsa ganyen dogonyaro a kan kujerun. Akwai tubalin da ya rage tun rani a ƙarƙashin rumfa, da shi aka mayar da bangon, aka toshe tsohuwar ƙofar ma. Ba a bar komai ba sai wata 'yar taga can sama, wadda faɗinta bai wuce bakin ƙwarya ba. Gwaggo ce ke ɗebo ruwan kwaɓi, ranar ban ji ta tsokani kowa ba.

Da la'asar aka gama yaɓe. Malam ya naɗe hannun rigarsa, ya danna tafinsa na dama a tsakiyar bangon, daidai tsayin ƙirjinsa. Da ya ɗaga sai ga sawun ya fito sarai, yatsu huɗu da gurbin na biyar babu komai. Ya tsaya yana kallonsa, ya ɗan yi murmushi.

"Ko ba komai, Baba, ba za a samu mai yi mini ƙarya da wannan hannu ba."

Wani Bafulatani maƙwabcinmu, abokin kakana tun suna samari, ya ba shi malfa da sanda da tsohuwar riga, ya sa shi cikin garkensa. Kafin su tafi sai da ya kora shanun suka bi ta kan sawun tayoyin tun daga burtali har ƙofar gida, suka tattake shi. Bayan wasu kwanaki Bafulatanin ya dawo shi kaɗai. Ya ce ya kai shi har inda ya ga ƙarfen jirgin ƙasa, ya ga ya nufi tasha, daga nan bai san komai ba. Wannan ne labari na ƙarshe da muka samu. Ba a ga gawa ba, ba a kuma ga mai rai ba.

Da farko tsoro ya hana a yi maganar ɗakin. Baƙo in ya tambaya, a ce rumbu ne. Ni kuwa zuciyata na can. Na gano cewa idan na mirgino turmi na kifa shi, na hau, na yi ɗage, idona yakan kai tagar. Sai an daɗe ana kallo kafin duhun ya saki. Abin da ke fara fitowa fitilun nan biyu ne, suna kallon bangon da aka fasa aka shigo da ita. Sannan gefen sitiyari, sannan wayoyin taya ɗaya. Warin fata da fetur yana fitowa ta tagar a hankali, gauraye da na dogonyaro. Nakan tsaya har ƙafafuna su yi rawa, ina tuƙa ta a zuci zuwa Malumfashi.

Wata rana ina sauka sai na ga kakana tsaye a bayana. Na jira duka. Bai ɗaga hannu ba.

"Kallo ba ya karya amana," in ji shi. "Amma ka riƙa yin sallama kafin ka leƙa."

Ban tambaye shi wa zan yi wa sallamar ba. Tun daga ranar nake yi, kuma ban taɓa daina sauraron ko za a amsa ba.

Kowace shekara bayan damina akan yi wa ɗakunan gida sabon yaɓe. Na wannan ɗaki kakana da kansa yake yi. Yakan shafa laka ko'ina a bangon, in ya zo kan sawun sai ya kewaye shi da ɗan yatsa, a hankali, kamar mai sa wa jariri kwalli. Bango yana ƙara kauri, sawun yana ƙara nitsewa. Bayan 'yan shekaru ya zama rami mai siffar hannu, wanda inuwa ke kwana a cikinsa ko da rana tsaka. Nakan sa nawa hannun a ciki in babu kowa. Yakan yi iyo a ciki kamar ƙafar yaro a takalmin ubansa, kuma ramin kullum da sanyi, ko a tsakiyar bazara.

A bazarar farko ne aka soma jin ƙarar. Da tsakar rana take zuwa, lokacin da zafi ya kwantar da kowa a inuwa, ko kaji sun buɗe baki sun yi shiru, lokacin da tsofaffi ke hana yara yawo. Wani gurnani ne siriri daga cikin ɗakin, wanda in ka jingina da bangon za ka ji shi a ƙirji. Na yi karatun kimiyya a jami'a, kuma na san abin da zan ce wa ɗalibi in ya kawo mini wannan labari. Zan ce ƙudan zuma ne suka shiga ta tagar suka yi gida, zafi kuma yana sa su kaɗa fukafukai. Na san batir ba ya rayuwa wata da watanni a ajiye, na san inji ba ya tashi da kansa. Na yarda da duk wannan. Abin da ya hana ni sakewa shi ne na shafe shekaru fuskata na manne da wannan taga, ko sau ɗaya ba a harbe ni ba, ban kuma tuna na ga ƙudan zuma na shiga ko fita ba. Sannan ƙarar ba a miƙe take ba. Takan hau, ta hau, ta yanke, ta sake farawa daga ƙasa. Mai yiwuwa kunnen yaro ne ya ɗora mata abin da yake marmari. Na sha gaya wa kaina haka.

Mahaifina da ya zo hutu ya ce sawun hannu saura ne na Maguzanci, amma riƙon amana ba shi da laifi a kowane addini, ya bar maganar. Kawu ne bai bari ba. Wata shekara tsutsa ta ci auduga, dawa ma ba ta yi kirki ba. A lokacin wani ɗan kasuwa daga Funtuwa, wanda ya ji ƙishin-ƙishin, ya aiko cewa zai ba da shanun huɗa biyu da garmarsu a ba shi abin da ke cikin ɗakin, ko a wane hali yake. Shanun huɗa a wannan zamani su ne bambancin gidan da ke sayar da hatsi da gidan da ke saye. Kawu ya sami kakana a zaure, ina gefe ina ɓare gyaɗa.

"Baba, mutumin nan ya mutu. Kowa ya sani."

"Ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba."

"Wa ya gani ya gaya maka?"

"Ƙarfe ne fa, Baba. Ba hatsi ba ne da zai jira. Tsatsa kawai yake yi, mu kuma muna noma da fartanya kamar bayi."

"Ya ce ajiya irin tamu. Na tambaye shi, kana tsaye."

A nan, ina ganin, kawu ya fi kakana gaskiya ta fuskar ƙarfe. Hatsi in aka rufe shi yana jira. Mota in aka rufe ta mutuwa take yi a tsaye: taya ta fashe, ɓeraye su ci waya, mai ya daskare a cikin inji. Kakana ya yi mata gatan da ya sani, gatan kuwa shi ne ajalinta. Amma ba motar yake tsaro ba, kuma na daɗe kafin in gane haka.

Bayan kwana kaɗan, ranar kasuwa, kakana ya tafi. Da rana ta take sai na ga kawu ya ɗauki diga ya nufi bayan gida. Na bi shi. Gwaggo tana tankaɗe a ƙofar ɗakin girki, ta ajiye rariya ta biyo mu. Ya tsaya gaban bangon gabas, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga digar. Kafin ya sauke sai ƙarar ta taso. Ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. Ƙurar yaɓe har zubowa take daga gefen ramin hannun. Ta hau, ta yanke, ta sake hawa. Kawu ya tsaya da diga a sama, gumi na bin wuyansa.

"Fasa mana, Yaya," in ji gwaggo a hankali. "Ai ka ce ya mutu."

"Zuma ce," in ji shi. "In na fasa za su watse a gidan nan, ga yara."

Ya sauke digar ya jingina ta da bango, ya tafi. A nan ta zauna har kakana ya dawo ya gan ta. Bai tambayi kowa ba, ya ɗauke ta ya mayar inda take. Kawu bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, kuma ban taɓa ganin ya bi ta bayan gida da rana tsaka ba.

Da yaƙin basasa ya ƙare wasu mutanen Kudu suka riƙa dawowa neman gidajensu da shagunansu. Kakana, wanda a lokacin idonsa ya soma rauni, ya mayar da tabarmarsa ƙofar gida. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ya ɗaga kai ya ce in je in dubo wanda ya sauka. Gwaggo ta daɗe tana korar masu neman aurenta da baki, daga baya ta haƙura ta auri wani manomi a wajen Ɗandume. Kakana ya rasu da damina. Cikin abin da ya faɗa a kwanakinsa na ƙarshe, wanda ya shafe ni ɗaya ne: kada a shafe hannun, a yaɓe a kewaye shi.

Na tafi makaranta, na tafi jami'a, na kama aiki, amma duk bayan damina nakan koma in yi yaɓen. Tun da na girma na daina leƙa tagar. Ina ganin ba na son in ga abin da ya rage. Ciwon kuwa bai sake ni ba. Na yi shekaru ina bin garejin Kaduna da Jos har na samu irinta sak, ruɓaɓɓiya, kaji na kwana a ciki. Na saye ta, ni da tsohon bakaniken nan muka yi ta fama har injin ya tashi. Ranar da na ji muryarta sai da na zauna a ƙasa. Amma ba ta tafiya. Wani ƙarfe a cikin giyarta ya karye, an neme shi har Legas ba a samu ba. Ga ni da mota mai kuka a tsaye, na kuma san wuri ɗaya tak a ƙasar nan da wannan ƙarfe yake kwance cikin duhu.

Bara na yanke shawarar fasa ɗakin. Na ce shekara arba'in ta wuce, mai ita ko yana raye ya tsufa, ni ne babban namiji a gidan yanzu, 'ya'yan kawu kuma suna ta matsa mini a rushe ɗakin a gina shago da bulo. Na sa ranar tafiya. Ana saura 'yan kwanaki, ina gareji, injin na aiki, na miƙa hannu in gyara wata waya da ke lilo. Aikin da na yi sau ba adadi ne. Fanbel, robar nan mai juya fankar inji, ya kama hannuna na dama. A asibiti suka ce sauran za su warke, amma ƙaramin yatsan ba shi da gyara.

Na san sunan wannan a ilimi: katari, wato abu biyu su zo daidai ba tare da wani dalili ba. Masu taɓa inji da yawa sun rasa yatsa, ƙaramin kuma shi ne a gefe, shi ya fi saurin shiga hatsari. Na jera wa kaina waɗannan hujjoji a gadon asibiti, na kuma jera su a hanya lokacin da na tafi ƙauye bayan ciwon ya warke.

Gwaggo ta dawo gidan tun da mijinta ya rasu. Ta tsufa, ta rankwafa, amma bakin yana nan. Na durƙusa na gaishe ta, ta kama hannuna don ta yi mini jaje. Ta juya shi, ta shafa gurbin da babban yatsanta. Sannan ta tashi da sandarta ta ja ni bayan gida, kamar yadda take ja na zuwa wanka ina yaro.

Rana ta take. Ramin ya yi zurfi har sai da wuyan hannuna ya shige. Sanyin nan yana nan. Tafina ya zauna, yatsu huɗu kowanne ya sami ɗakinsa, babu inda ya yi saura, babu inda ya matse. A gefe kuma, inda tun ina saurayi yatsana na biyar yake tokarewa ya hana hannun zama, babu abin da ya tokare.

"To," in ji gwaggo. "Baba ya ce sai hannun da ya zauna. Ga shi ya zauna. In za ka fasa, babu mai hana ka."

Na kasa kunne. Ba zan ce maka na ji wani abu ba, ba kuma zan rantse ban ji ba. Jinina na bugawa a kunnena, babura kuma na wucewa a hanya. Abin da na sani shi ne na tuna murmushin Malam da maganarsa, cewa ba za a samu mai yi masa ƙarya da wannan hannu ba. Ga shi an samu, ni ne kuwa.

Ƙauyen ya sauya. Rufin kwano ya kori soro, hatsi a buhu yake a shago da kwaɗo a ƙofa, wanda zai ba ka ajiya kuma sai ya nemi shaida da takarda. Yaran gidan ba su san dalilin da ya sa wani tsohon ɗaki marar ƙofa ya tare musu wuri ba, kuma ban ga laifinsu ba. Tawa motar tana nan a gareji, ran Asabar nakan tayar da ita ta yi kukanta a tsaye, abokaina su yi mini dariya. Ban san wanda zai yi yaɓen bayan ni ba.

A ranar dai na zare hannuna daga ramin, na ce wa gwaggo a sa yara su kwaɓa laka. Ta dube ni, ta gyaɗa kai.

"Ka yi sallama kuwa da ka zo?"

Na ce na manta.

"To yi yanzu," in ji ta. "Ba a tsufa da ladabi."

Na juya ga bangon na yi sallama, muka tsaya mu biyu a cikin rana, muna jira.